Jan Irin Malam Halidu

Ruwan shuka na shekarar 1977 ya sauka a Tama kwana tara bayan rasuwar Tanimu. Matarsa Cima tana cikin takaba, tana zaune a ɗaki da tasbaha a hannu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigo mata, tana jin mutane suna wucewa da sungumi tun da jijjifi. Gamanarta, wato 'yar gonar da marigayi ya yanka mata, tana can bayan tudu a gindin dutse. A irin wannan rana kowa ta kansa yake yi kafin laima ta gudu, saboda haka ba ta aika wa kowa ba, ta dai sa a ranta cewa bana gamana za ta kwana. Da la'asar sai ta ji sallama daga bayan darni. Muryar Halidu ce, taubashin mijinta.

"Uwar Mairamu, kar ki hito. Na bi ta bayan tudu, nig ga gamanarki tana kallona, nij ji kunya. Mun jehwa mata iri ni da matata Biba. Ke dai ki yi ta addu'a."

Kafin ta haɗa kalmar godiya ya yi gaba, tana jin ɗingishinsa har ya ɓace. Bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Malam Halidu ake ce masa, amma karatunsa bai wuce izu biyu ba, lakkwal kuwa, wato makarantar boko, ko inuwarta bai taɓa zama ba. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, yana ɗingishi tun ranar da jaki ya kayar da shi a kan duwatsun Allakaye yana saurayi. Kakanninsa sun noma wannan ƙasa tun zamanin da Abzinawa ke zuwa da raƙuma bayan kaka su kwashi rabonsu, kuma daga wurinsu ya gaji dogon geron nan, zango, mai zangarniya tsawon hannu, mai ƙamshin fura, mai karan da ake darni da shi ya shekara uku a tsaye. Aibin zango ɗaya ne, sai ya sha ruwa wata huɗu cur. A shekarar fari ta 1973 ruwa ya ɗauke zango yana da ciki, bai ko fid da kai ba. A wannan shekara Halidu da matarsa Biba suka binne 'ya'ya biyu.

Da rani ya yi sai ya bi 'yan cin rani, amma bai tsallaka Najeriya kamar sauran ba. Ya tsaya wajen Maraɗi, ya sami aikin lebura a wata gonar gwaji, ya yi damina biyu a can. Aikinsa shi ne bin wani dogon injiniya da damin jakunkunan takarda. In injiniya ya nuna zangarniya, Halidu ya sa mata jaka ya ɗaure wuya. Sauran leburori abin dariya suka ɗauki aikin. Shi kuwa tambaya yake ta yi, har injiniya ya gaji ya zaunar da shi ya nuna masa. Ashe kowace zangarniya da mace da namiji a jikinta. Farin gashin nan mai laushi da ke fara fitowa, shi ne macen. Bayan kwana biyu ko uku sai bununi ya biyo, ƙurar nan rawaya, shi ne namijin, kuma iska ke kwasarsa daga gona zuwa gona. Halidu yakan ce geron da ka shuka uwarsa kaɗai ka sani, ubansa sai ka tambayi iska. Amma in ka rufe zangarniya tun gashi bai fito ba, to kai ne waliyyi, kai za ka zaɓa mata miji.

Ya dawo Tama da jakunkuna da ɗan ƙullin gero mai gaggawa, irin wanda ke nuna a kwana saba'in da 'yan kai. Geron ba baƙo ba ne a garin. Malaman gona na gwamnati sun taɓa kawo shi, mutane suka gwada suka watsar, don zangarniyarsa gajeriya ce, karansa siriri, furarsa salam ba ƙamshi, ga shi yana nuna shi kaɗai tsuntsayen duniya su taru a kansa. Abin da Halidu ke nema shi ne ya haɗa shi da zango, a sami ɗa mai saurin wannan da tsawo da daɗin wancan. Don su yi bununi tare, sai ya shuka zango da ruwan fari, mai gaggawa kuwa sai mutane sun gama noman farko. Wannan kaɗai ya isa a ce ya taɓu. Da aka ga gero sanye da takarda, shi ke nan.

Mutari, ƙanen marigayi Tanimu, wanda bakinsa ba ya hutawa, yakan tsaya a bakin gonar ya dafa hauya.

"Malam, yau wa anka naɗa? Na ga geronka dut da hula."

"Ɗaurin aure na, Mutari. Kai ba a gayyace ka ba, don ba ka kawo goro."

"To Allah shi sa amarya ta zauna. In ta haihu a sa ma ɗan sunana."

Aure ya ɗauru, amma sai wata matsala ta taso. Jaka tana iya tsare zangarniya goma ko hamsin, ba ta iya tsare gona. In yana so irin ya yawaita kuma ya tsaya a kan halinsa, sai ya sami wurin da bununin maƙwabta ba ya kaiwa. A Tama kuwa gona na manne da gona. Ranar da ya shuka wa Cima gamana ne ya lura da wurin: tudu a gabas inda iska ke fitowa, dutse ta fuska biyu, ba wani gero kusa ko da za ka yi kira a ji. Saboda tsakuwarta da nisanta ne ma aka bar wa mace. Da ta fita takaba sai ya aiko Mutari da magana, cewa ta bar masa gamanar ya yi gwajinsa, shi kuma ya ba ta amfanin wani yanki na gonarsa ta fadama.

"Ashe, matata," in ji Mutari, don haka yake tsokanarta, "irin da anka jehwa maki toshi na. Gona aka so, ba ke ba."

"Kai da ba ka jehwa ko ƙwaya ba, mi kaka so?"

Ta kwana biyu tana juya zancen. Abin da ta gani shi ne, ranar da ya je da sungumi bai san yadda wurin yake ba, sai da ya je. Ta yarda, da sharaɗin ita ma za ta riƙa yin aiki a ciki, don ba ta so hannunta ya bar ƙasar da Tanimu ya ba ta.

Haka suka yi damina bakwai. Halidu ya raba gamanar layi goma sha biyu, kowane layi 'ya'yan uwa ɗaya ne, yana kiransa ɗaki. Tunda bai iya rubutu ba, kowane ɗaki da tsummansa: baƙi, fari, shuɗi, mai zane, mai ƙulli ɗaya, mai ƙulli biyu, haka har sha biyu. Ɗakin baƙin tsumma shi ke riga kowa fid da kai. Na fari ya fi tsawo. Na shuɗi yana da gashi mai tsini da ke hana tsuntsu sauka. Wani kuma ƙwayarsa a matse take, tsutsa ba ta samun hanya. Duk tsiron da bai yi masa ba sai ya tuge shi tun bai yi bununi ba, ya kai wa awaki. Da jakunkunan Maraɗi suka ƙare, takardar buhun siminti suka riƙa yankawa, Cima tana liƙewa da ƙaro. Ita ce ke bin sa da ƙwarya lokacin zaɓe. Ba ta cika tambaya ba, amma ba abin da ke wuce ta. Wata shekara ta ga ya rufe wani ɗaki shi kaɗai, yana aurar da shi da kansa, sai 'ya'yan suka fito gajeru, kamar masu ciwo. Ta ji yana gunaguni cewa ɗaki ɗaya ba ya gari, sai sun haɗu dukkansu ƙarfin ke dawowa.

Zangarniyar da ba a zaɓa ba tata ce, ta daka ta yi fura. Shi ba ya sha, yakan ce wannan ba shi ba ne tukuna. Sai dai kowace kaka ya tambaye ta.

"Yaya hurar bana?"

"Har yau ta gwamnati ta, Malam. Ba ƙamshi."

Sai a shekara ta shida ta ce masa ta fara kama hanyar zango. Ranar har da waƙa ya koma gida.

Daminar 1984 ta zo da rowa. Ruwa ya yi na shuka, ya yi shiru, ya ɗan yayyafa, ya sake yin shiru. Rumbun Cima ya kai ga shara tun watan bakwai. A cikin gamana akwai shibra kamar gindi ashirin, geron dajin nan da ke fitowa da kansa, mai saurin nuna, wanda talaka ke tsinka ya riƙe ciki kafin kaka. Kowace shekara Halidu tuge ta yake yi, don bununinta yana lalata iri. A wannan karo Cima ta tare shi.

"Malam, bar mani wagga. Kwana goma ta nuna."

"Kwana ukku ta yi bununi. In ta yi, shekara bakwai ta tahi."

"Jiya tahwasa nic ci ba ƙuli."

Ya sunkuya ya tuge su ɗaya bayan ɗaya. Washegari Biba ta kawo mata wake cikin 'yar ƙwarya, ta san daga bakinsu aka cire. Duk da haka sai da ta kwana biyu ba ta gaishe shi ba, Allah ya yafe mata.

Ruwa ya ɗauke gaba ɗaya kafin watan takwas ya ƙare. Zango ya tsaya a gwiwa, ya yi fari, ya bushe a tsaye daga Tama har inda ido ya kai. A bayan tudu kuwa geron Halidu ya riga ya zuba ƙwaya. Ba wani abin kirki ba ne, dami uku ne kacal, amma a shekarar da gari duka bai ɗaure dami ba, dami uku abin kallo ne. Mutane suka riƙa hawa tudu suna tsayawa, ba mai cewa komai. Ko Mutari bai yi zancen hula ba. Wannan shirun ya fi ba Cima tsoro a kan dariyar da.

A gidanta suka sussuke, kowane ɗaki dabam, aka sami kamar tiya guda a kowanne, aka zuba a 'yan jakunkunan tsumma goma sha biyu. Sai Halidu ya fito da wani jan gari ya barbaɗa, ya cuɗa, har ƙwaya ta koma ja wur. Kowa a ƙasar ya san jan maganin da malaman gona ke sa wa iri don ƙwari, kuma kowa ya ji labarin gidajen da yunwa ta sa suka ci irinsa suka kwanta. Tun da azahar ya riga ya faɗa a ƙofar masallaci cewa irin ya sha magani, kuma in Allah ya kai rai ruwan shuka, kowane gida zai sami rabonsa.

Cima ta dubi jan garin, ta dubi hannunsa.

"Malam, wanga ba magani ba na."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. "Wa yac ce maki?"

"Magani shina da wari, shina sa ido hawaye. Wanga ƙamshin sabon tulu garai. Kuma kazata ta tsinci ƙwaya huɗu tun ɗazu, ga ta can tana tono."

Ya rage murya. "Koya ta, jar ƙasar masu ginin tukwane. Ni ba ni sa guba cikin abin da mai yunwa ka iya kai ma bakinai. Amma in sunka san hatsi na, ba shi kai azumi."

"Ni ba ni ƙarya, Malam."

"Ban ce ki yi ba. Ƙaryar tawa ta, ni ka amsa ta gobe ƙiyama. Ke shiru za ki yi, shiru kuwa kin iya shi."

"In anka haɗa ni da Allah hwa?"

"Ba mai haɗa ki."

Bayan wata biyu shi da Biba suka tafi wajen Ibohamane, inda aka ce wani furoje, aikin raya karkara, na ba da abinci ga masu ɗaukar dutse. Gidansa zai zama kango, don haka ya bar irin a ɗakin Cima, cikin babban tulu a ƙarƙashin gado, da tunanin ba namijin da zai kutsa ɗakin gwauruwa.

Rani ya yi tsawo. Gari ya rage, gidaje da yawa an ja musu ƙaya a ƙofa. Waɗanda suka rage suna jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana uku su zubar da ɗacin su ci, wasu suna tona gidan tururuwa. Kamiyon taimako, babbar motar hatsi, yakan zo Buza, abin da ke isowa Tama ba ya kai mako. Cima tana azumin Litinin da Alhamis kamar yadda ta saba, sauran ranakun ma ba su da bambanci da su. In ta yi sujada goshinta yana kusa da tulun, tana jin ƙamshin hatsi ta cikin ƙamshin koya. Da tsohuwar da ke bayan gidanta ta rasu, ta je wanka, ta ɗaga ta kamar ana ɗaga kara. Ta dawo ta zauna a kan gadon da tulun ke ƙarƙashinsa.

Ana saura mako uku azumi, da hantsi, Mutari ya yi sallama. Matarsa Hajo ta haihu kwana talatin da suka wuce, nono ya ƙafe. Yau bai tsokani Cima da matata ba. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki kamar mai gaida surukai.

"Yaya Cima, jaririyar ta bar kuka tun jiya. Baki kawai taka buɗewa."

"Allah shi kawo sauƙi, Mutari."

"Amin. Na je wurin mai tukwane. Ta ce da kaka Halidu ya amshi koya gare ta, shi da ko tulu bai taɓa ginawa ba. Ban zo da hwaɗa ba. Tambaya guda za ni yi. Don girman Allah da Manzonai, abin ga da ke ɗakinki, magani na ko ba magani ba na?"

A ranta ta ga Halidu yana tuge shibra, ta ga layi goma sha biyu, ta ga 'ya'yansa biyu da ya binne. Tana iya yin shiru, amma ta san shirun nan amsa ce ta ƙarya, kuma da ita Mutari zai koma gida.

"Ba magani ba na," in ji ta. "Komo bayan azahar."

Da ya tafi ta ja ƙyaure, ta fito da jakunkunan ta jera. Abin da ya fi sauƙi shi ne ta ba shi jaka guda ta ɓoye sha ɗaya. Ta ɗora hannu a kan baƙin tsumma, ta tuna shi ne mai sauri, ta janye. Ta taɓa fari, shi ne mai tsawo. Ba wanda za ta iya cewa a cinye shi ya ƙare daga duniya. Kuma ta san garinsu. Hatsin nan sai an wanke shi kafin a daka, jan ruwa zai bi rariya ya fita titi, kafin magariba kowa ya sani. Sai ta ɗauko tsohon rawanin Tanimu daga akwati. Ta ɗebi cikin tafi biyu daga kowace jaka, ta ƙulle a jikin rawanin, ƙulli goma sha biyu a jere, kowanne ta ɗaura masa yankin tsummansa. Ta naɗa rawanin a ƙugunta a kan fata, ta ɗaura zane a sama. Abin da ya rage ta juye shi wuri ɗaya a tulu. Bayan azahar ta auna wa Mutari.

Kamar yadda ta zata, haka aka yi. Washegari mata bakwai ta samu a ƙofa, kowace da 'yar ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Ta riƙa aunawa da ludayi, masu shayarwa da masu ƙananan yara tukuna. Ita ma ta dama kunu sau biyu ta sha, ba ta ɓoye wannan ba ko daga baya. Kwana goma sha shida tulu ya ƙare.

Ranar da ya ƙare, Mutari ya dawo tare da maza uku. Ta mirgino tulun waje, ta kifa shi a gabansu.

"Ba saura?" in ji ɗayansu. "Tiya goma sha biyu munka ji."

"Akwai saura."

Suka dubi juna.

"Shina jikina, ƙarƙashin zane. Iri na, ba abinci ba. Wanda za shi ɗauka, sai shi kwance ma matar Tanimu zane da hannunai. Ga ni."

Ta dafa darni ta tsaya. Ɗaya ya yi taku guda. Mutari ya sa hannu a ƙirjin mutumin, bai ko dube shi ba. Suka daɗe a haka, rana tana dukan kowa. Daga baya suka juya ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar ba ta kwance rawanin ba sai in za ta yi wanka, shi ma tana riƙe da bakinsa a haƙori. Zafin bazara ya sa ƙugunta ya yi ƙuraje ya saɓule, ba ta gaya wa kowa ba.

Halidu ya dawo ana saura mako guda salla, ya rame, yana tari. Ba wanda ya ba shi labari. Tun daga bakin gari ya fara ganin jan tabo a bakin rariya, gida bayan gida, koya ta kama ƙasa ta ƙi fita. Bai biya ta gidansa ba. Cima ta ji ɗingishin tun daga nesa, ta fito ta tsaya.

Bai yi sallama ba, shi da bai taɓa shiga gida ba sallama ba.

"Sun ci?"

"Mun ci, Malam. Har ni."

"Na ce ki yi shiru."

"An haɗa ni da Allah."

Ya dubi tulun da ke kife. Da ƙyar ya ce, "Ko ɗaki guda bai rage ba? Ko baƙin?"

Ta shiga ɗaki, ta kwance, ta fito da rawanin a hannu biyu ta shimfiɗa a kan tabarma. Ya tsuguna. Ya bi ƙullin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana duba tsumma, baƙi, fari, shuɗi, mai zane, har ya kai ƙarshe, ya sake dawowa daga farko. Sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Wa yag gaya maki ki ɗiba daga kowane?"

"Shekara bakwai ina bayanka da ƙwarya."

Ya rufe fuska da tafin nan nasa mai faɗi. Da ya buɗe sai ya ce, "Ɗiyar Mutari hwa? Na ji an haihu."

"Tana nan. Tana tsotso."

"To," in ji shi. Bai ce ta yi daidai ba, bai kuma ce ta yi laifi ba, har ƙarshen ransa.

Ruwa ya sauka bayan salla da kwana kaɗan. Irin bai kai tiya guda ba, don haka ƙwaya bibbiyu suka riƙa sawa a rami maimakon tsunkule. Mutari ya zo da sungumi ba wanda ya kira shi, ya sare layi goma sha biyu bai yi raha ko ɗaya ba. Sha ɗaya suka tsiro. Ƙullin shuɗi, wanda ya zauna a kan cibiyarta, gumi ya shige shi ya ruɓe, ko ɗaya bai fito ba. Shi ne mai gashin da ke korar tsuntsu, shi ya sa har yanzu masu shuka geron Halidu a Tama ba su rabu da gwangwani da majajjawa ba. Cima takan ce wannan laifinta ne, da ta riƙa juya rawanin da bai ruɓe ba.

Daminar ta yi kyau. Halidu ya ga kaka, ya yi zaɓe da hannunsa yana tsayawa yana tari, ya raba iri gida gida, fari tas ba koya. Ko ƙwaya bai bari a daka ba, ya ce sai baɗi. Tarin da ya kwaso wurin dutse bai bar shi ya ga baɗin ba. Ya rasu da bazarar 1986, ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A kakar wannan shekara ƙaramin rumbun Cima ya cika har wuya. Ranar Juma'a ta surfa, ta daka, ta dafa, ta kirɓa, ta dama da hannunta a sabuwar ƙwarya, ta aika ƙofar masallaci sadaka. Mutari ya dawo da ƙwaryar yana cewa furar ta yi ƙamshin zango, amma wace irin rowa ce wannan, matata, ba yaji ba sukari? Ta karɓi ƙwaryarta. Tun a damina ta uku ne, wata rana suna hutawa a gindin dutse, ta miƙa wa Halidu ludayi ya ƙi karɓa, ya ce mata:

"Uwar Mairamu, ran da Allah yas sa ya cika rumbu, har aka ci ba tsoro, ki dama mani hura da shi da hannunki. Kar ki sa yaji, kar ki sa sukari, nono ma kaɗan. So nika in ji shi, shi kaɗai."